Garin Neman Rama

Magabata sun ce garin neman ƙiba a kan samo rama. Da masu wannan magana za su leƙo ɗakunan kwanan ɗalibai a yau, da sun tarar an juya musu ita, gama yanzu ramar ce a ke nema ido rufe, har ana fid da kuɗin guzuri ana sayenta cikin kwali da kwalba. Ba mu ga laifin wanda jikinsa ya yi masa nauyi ya nemi ragewa ba, likitoci ma abin da su ke horo da shi ke nan. Abin da ya sa muka keɓe wannan shafi shi ne wasu ƙa'idodi biyu da masu tallar kayan rage ƙiba su ke ɗora wa duk wanda ya shiga hannunsu, watau ya bar gishiri kwata-kwata, sa'an nan ya cike gurbin abincin da ya bari da ƙwayoyin bitamin. Ɗalibai da yawa sun aiko mana da tambaya, shin akwai haɗari a cikin wannan? Amsarmu ita ce akwai, amma ba daga inda yawancinmu mu ke tsammani ya ke ɓullowa ba, don haka sai mai karatu ya yi haƙuri mu bi maganar daki-daki.

Bari mu fara da abin da ya faru ga wata 'yar'uwarmu, ɗaliba 'yar aji uku, mutumiyar Gubuchi ta ƙaramar hukumar Makarfi. Ta yarda mu ba da labarinta muddin ba mu ambaci sunanta ba. A bazarar bara aka sa bikin ƙanwar babanta, aka fid da anko, tela ya ɗinka mata nata ya ɗan matse ta. Wata abokiyar zamanta ta sa ta cikin wani zauren WhatsApp inda a ke sayar da shayin rage ƙiba, aka ba ta tsari na kwana goma sha huɗu: ba tuwo, ba shinkafa, ba gishiri ko ƙyas, shayin safe da dare, ruwa lita biyar kowace rana wai don a wanke jiki, ga kuma kwalaben bitamin iri uku. Da wannan tsari ta tafi gida hutu cikin watan Afrilu, lokacin da kowa ya san yadda rana ta ke a ƙasar Zazzau. Gidan biki kuwa ba ya rasa aiki. Tana bakin murhu tare da sauran mata tun safe, gumi na zuba, shayin kuma yana kai ta bayan gida sau huɗu sau biyar a wuni. Mahaifiyarta ta ga ana ware mata ganye ana dafawa lami, ta ce, "'Yar nan, wace irin cuta ce wannan da ta hana ki gishiri?" Ita kuwa ta ce, "Inna, ba cuta ba ce, gyaran jiki ne."

A rana ta tara ciwon kai ya kama ta, da tashin zuciya da kasala. Aka ce zafi ne, aka ƙara ɗura mata ruwa. Kafin la'asar ta fara magana ba kan gado, wasu tsofaffi har sun fara zancen iska. Sai da ta faɗi tana fizge-fizge sa'an nan yayanta ya nemo mota aka nufi wani asibiti a Zariya da ita. Da aka auna jininta sai aka ga sinadarin sodiyam ya yi ƙasa ƙwarai. Ta yi kwanaki a kwance ana yi mata ƙarin ruwa a hankali, domin likitan ya gaya wa yayan nata cewa idan aka mayar da sinadarin da gaggawa, gyaran kansa yana iya lahanta ƙwaƙwalwa. Allah Ya yi da sauran kwananta a gaba. An ɗaura aure, an kai amarya, tana gadon asibiti.

To, mene ne wannan sodiyam? Gishirin da mu ke ci sinadarai biyu ne a haɗe, kuma kashi 40 cikin 100 na nauyinsa sodiyam ne. Shi ke riƙe ruwa a cikin jini da kewayen ƙwayoyin halittar jiki, da shi jijiyoyi su ke aika saƙo, da shi tsoka ta ke motsi. A jinin mai lafiya, awonsa yana tsakanin 135 da 145 a ma'aunin da asibitoci su ke amfani da shi. Idan ya sauka ƙasa da haka, jini ya tsinke ke nan, sai ruwa ya riƙa shiga cikin ƙwayoyin halitta suna kumbura. Ko'ina a jiki akwai wurin da kumburi zai sake, ban da cikin ƙoƙon kai. Wannan shi ne dalilin ciwon kai da ruɗewa da fizge-fizgen da aka gani.

Amma a nan ne mu ke so a saurara da kyau. Rage gishirin miya kaɗai da wuya ya kai mai lafiya ga wannan hali. Allah Ya yi ƙoda da wata irin dabara ta tattali, idan ta ga gishiri ya yi ƙaranci sai ta tsare shi, ta bar fitsari ya fita kusan babu shi. Abin da jiki ya ke bukata don ya rayu bai kai giram ɗaya na sodiyam a rana ba, kuma nama da nono da ƙwai da biredi duk suna ɗauke da nasu. Abin da ya ka da 'yar'uwarmu taron dangi ne aka yi mata. Na farko shayin nan, gama yawancin irinsa ganyen filasko ne a ciki, wanda kakanninmu suka sani sarai maganin wankin ciki ne, ba su taɓa mai da shi abin sha safe da dare ba. Kowace gudawa tana fita da gishiri da ruwa da sinadarin fotasiyam wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Sa'an nan ga gumi, wanda kowace litarsa ta kan tafi da abin da ya kusa giram ɗaya na sodiyam, ko da ya ke mutane sun bambanta. Sa'an nan ga ruwa zalla lita biyar a kan cikin da babu abinci. Mutane da yawa ba su san cewa ƙoda ba ta iya fid da ruwa shi kaɗai ba, sai ta sami gishiri da dattin da ke fitowa daga narkewar abinci mai gina jiki ta haɗa su su fita tare. Wanda ya bar cin abinci ya rage wa ƙodarsa ƙarfin zubar da ruwa, in ya ci gaba da kwankwaɗa sai ruwan ya taru ya tsinka jini. Ko 'yan gudun famfalaki, waɗanda ba su da wata cuta, su kan faɗa wannan rami. A gasar birnin Boston ta Amurka ta shekarar 2002 an auna jinin mutum 488 bayan sun gama gudu, aka tarar kashi 13 cikin 100 sodiyam ɗinsu ya sauka, babban dalili kuwa shi ne yawan shan ruwa a hanya.

Akwai kuma masu ƙarawa da ƙwayar sa fitsari, wadda likita ya ke rubuta wa masu hawan jini ko kumburi, su kuwa su saye ta a kemis don sikeli ya yi musu daɗin gani. Wannan ya fi filaskon muni. Muna kuma yin kira na musamman ga 'yan'uwanmu masu cutar sikila, waɗanda ba su da kaɗan a cikinmu: duk abin da zai tsotse ruwan jikinsu yana iya tayar musu da ciwo, su nisanci shayin nan ko da kyauta aka ba su.

Abin takaicin shi ne, duk wannan wahala ba ta taɓa kitse ko kaɗan. Gishiri ba ya sa ƙiba, domin ba ya ba jiki kuzarin da zai taru ya zama maiƙo. Wanda ya bar gishiri da hatsi zai ga ya sauke kilo biyu ko uku a makon farko, ya yi ta murna, ya aika wa zaure hoton sikeli. Ruwa ne ya zube. Sukarin da jiki ya ke ajiyewa a hanta da tsoka, kowane giram nasa yana riƙe da ruwa kamar giram 3, in ajiyar ta ƙare ruwan ya tafi, ranar da aka koma ga tuwo kuma ya dawo. Masu sayarwa sun san haka, shi ya sa tsarinsu ba ya wuce mako biyu.

Kada fa wani ya karanta wannan ya ce mujallar ƙungiya ta ba shi izini ya cika miya da gishiri. Gaskiyar magana, a cikin kowane ɗari namu, wanda ƙarancin gishiri zai kai asibiti bai taka kara ya karya ba. Yawansa shi ne ciwonmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, watau kamar cikin ƙaramin cokalin shayi guda, wanda ya yi daidai da miligiram 2,000 na sodiyam. Lissafin da hukumar ta fitar a 2023 ya nuna matsakaicin abin da mutanen duniya su ke ci ya ninka haka har da ɗoriya. Mu duba kwanonmu. Dunƙulen miya guda, kusan rabinsa gishiri ne, kuma wace ɗaliba ce za ta dafa taliya ta mutum ɗaya da dunƙule guda ta ce ya ji? A teburin mai shayi, bayan garin da ke cikin ledar Indomie sai an ƙara marmasa dunƙule a cikin ƙwai. Yajin tsire, da kilishi, da kifin gwangwani, da biredi, kowanne da rabonsa. Sakamakon yana nan a fili: bincike ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan Nijeriya yana da hawan jini, da yawansu ba su ma sani ba sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Ƙananan ma'aikata masu karanta wannan mujalla, su waiwaya cikin ofisoshinsu su ƙirga mutum nawa 'yan shekara arba'in da wani abu aka yi wa addu'a a bana.

Mu mutanen wannan yanki muna da wata ƙofa ta sodiyam wadda ba ta cikin lissafin Turawa, ita ce kanwa. Ba ta da ɗanɗanon gishiri sosai, amma sodiyam ce cike da ita, ga ta kuwa a miyar kuka da kuɓewa, da wake, da ɗanwake, da kunu. Tun a shekarun 1970 wasu likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka bi diddigin mata sama da 200 a Zariya da kewayenta waɗanda zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka buga sakamakon a 1978, suka kuma ɗora zargi a kan yawan kunun kanwa tare da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa suka yi daga Kano a shekarun baya-bayan nan ya nuna lamarin ya fi haka faɗi, talauci da rama da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam suna da hannu a ciki. Duk da haka babu likitan da zai ce wa mai raunin zuciya ko mai hawan jini ta ƙara kanwa. Abin dariya, mun san ɗalibar da ta bar gishiri tana alfahari, alhali kuwa kullum da safe kunun kanwa ta ke karyawa da shi.

Saboda haka shawara guda ba za ta dace da kowa ba. Saurayin da ke saran rake a fadamun Gubuchi, ko wanda ke tsaye a bakin kaskon mazarƙwaila wuta na dukansa tun hantsi har yamma, gumin da ya ke zubarwa ba ɗaya ba ne da na akawun da ke zaune ƙarƙashin fanka a sakatariyar Ikara. Na farkon, tuwonsa da miyarsa ta yau da kullum sun ishe shi mayar da abin da ya fita, kada wani ya ruɗe shi ya bari. Na biyun shi ya kamata ya ce wa uwargida ta rage dunƙule, ta ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta, ya kuma daina barbaɗa gishiri a kan abincin da an riga an dafa. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Wanda kuma gudawa ko amai ya kama, ko yana rage ƙiba ko ba ya yi, ya ajiye kowace ƙa'ida ya nemi ruwan gishiri da sukari, ƙullin nan na asibiti, in babu shi ya zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri da shida na sukari, a shafe ba a tula ba, cikin lita guda ta ruwa mai tsabta. Marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya daga 1985 zuwa 1992, ya yi ta yayata wannan haɗi har ya shiga kowane ƙauye, Allah kaɗai Ya san yawan yaran da ya tsirar. Abin kunya ne a ce jikokin matan da suka koyi wannan a asibitin sha-ka-tafi su ne yanzu su ke sayen gudawa da kuɗinsu, suna kuma gudun gishirin.

Akwai wata asara da mai barin gishiri ya ke yi ba tare da ya sani ba. Tun 1993 doka ta tilasta a sa sinadarin aidin a gishirin da a ke sayarwa a Nijeriya, har ƙasar ta zama ta farko a Afirka da aka ba shaidar cim ma wannan buri. Shi ya sa maƙoƙo, wanda iyayenmu suka saba gani a wuyan mata a kasuwannin ƙauye, ya yi wuyar gani a zamaninmu. Aidin ɗin nan kuma shi ke taimakon ginin ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Yanzu sai ga yayin wani gishiri mai ruwan hoda da a ke kawowa daga Pakistan, ana sayar da shi da tsada wai ba ya sa hawan jini. Gishiri ne kamar kowane gishiri, sodiyam ɗinsa kusan ɗaya ne, sai dai yawancinsa babu aidin. An biya kuɗi mai yawa an sayi abin da ya kasa na ƙulli.

Yanzu mu juya ga kwalabe. Mu 'yan boko mun ɗauka bitamin kamar addu'a ce, ba ta yawa. Kuskure ne. Bitamin iri biyu ne: akwai masu narkewa a ruwa, irin su B da C, waɗanda jiki ya ke zubar da rarar yawancinsu ta fitsari; akwai kuma masu narkewa a mai, watau A da D da E da K, waɗanda jiki ya ke ajiyewa a hanta da kitse, yau kaɗan gobe kaɗan har su kai inda za su yi ɓarna.

Bitamin A ya fi damunmu. Babban mutum yana bukatar ɗan kaɗan ne, kuma iyakar da masana suka sa, wadda ba a so a wuce kullum, ita ce 10,000 a awon da a ke rubuta IU a jikin kwalba. Mu ɗauki 'yar'uwarmu misali. Kwalabenta uku: ɗaya ta haɗin bitamin duka, ɗaya ta gyaran fata da gashi, ɗaya ta man hantar kifi. Kowace da nata bitamin A, babu kuwa wanda ya ce mata ta tara lissafin. Bugu da ƙari, tun 2002 gwamnati ta wajabta wa masana'antu sa bitamin A a sukari da man girki da fulawa. Idan ya taru ya kan kawo ciwon kai da zubar gashi da bushewar fata da ciwon ƙashi, ya kuma ji wa hanta rauni, watau dai ainihin abubuwan da aka sayi kwalbar don gujewa. Mafi nauyi shi ne abin da ya shafi mai ciki. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1995, wanda ya bi mata masu ciki fiye da 22,000, ya nuna waɗanda su ke shan fiye da 10,000 a rana daga ƙwayoyi sun fi haihuwar jarirai masu naƙasa, haɗarin kuma ya fi yawa a makonnin farko, lokacin da mace ba ta ma san tana da ciki ba. Matan aure nawa ne a azuzuwanmu? Amare nawa ne su ke shiga tsarin rage ƙiba da gyaran fata ana saura wata guda biki, su ci gaba da shi bayan an kai su?

Kada a fahimce mu a baibai. Ɗigon bitamin A da ma'aikatan lafiya su ke ba yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 sau biyu a shekara abu ne mai amfani ƙwarai, yana kare su daga dundumi da makanta, yana rage mace-macen ƙyanda da gudawa. An auna shi, an san tazararsa. Haka nan ƙwayar ƙarin jini da folik asid da a ke ba masu ciki a wurin awo, da wadda a ke ba masu sikila, da duk wadda likita ya rubuta bayan ya ga ƙaranci. Duk wanda ya ɗauki wannan sharhi ya je ƙauye ya hana matarsa shan maganin awo ya zalunce ta, ya kuma yi mana ƙarya.

Bitamin D ma ya shiga yayi tun zamanin annobar korona. Iyakarsa ga babba 4,000 ne a rana, amma akwai ƙwayoyi masu 50,000 waɗanda likita ya kan ba da sau ɗaya a mako na ɗan lokaci, wasu kuwa su mai da su na kullum. Yawansa yana tara sinadarin kalsiyam a jini, ya kawo ƙishirwa da yawan fitsari da amai, ya kuma iya lalata ƙoda. Ga mu a ƙasar da rana ba ta fashi, fatar mutum kuwa da kanta ta ke yin wannan bitamin idan rana ta taɓa ta. Har ma binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya gano cewa yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe a can, ƙarancin kalsiyam a abinci ne ya fi damunsu. Masu narkewa a ruwan ma ba su kuɓuta duka ba. Yawan B6 na tsawon watanni yana lalata jijiyoyi, mutum ya riƙa jin tafin ƙafa da yatsu suna yi masa zugi ko sun mutu, har hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta sauke iyakarsa zuwa miligiram 12 a rana a 2023. Mu kuwa a nan, da zarar mutum ya ce ƙafarsa na yi masa haka, sai mai kemis ya miƙo masa wata kwalbar bitamin B. Bitamin C kuma in ya wuce miligiram 2,000 ya kan ɓata ciki, ga masu saurin kamuwa ya haifar da tsakuwar ƙoda.

Wani zai ce, to, ai ko ba su yi amfani ba sun fi babu. A ƙasar Finland an gwada wannan zato a kan maza masu shan taba kimanin 29,000, aka ba wasunsu ƙwayar sinadarin da ke ba karas launinsa, ana sa ran zai kare su daga ciwon daji. Da sakamako ya fito a 1994 sai aka ga ciwon dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha. Karas ɗin kansa bai taɓa yi wa kowa haka ba, domin idan daga abinci ne, jiki ya kan ɗauki abin da ya ke so ya mai da shi bitamin A, ya ƙyale sauran.

Wannan kuwa shi ya fi ba mu haushi, mu da muka fito daga Makarfi da Kudan da Ikara. Kowace rani manyan motoci suna lodin tumatir da tattasai da albasa daga fadamunmu suna yin kudu da su. Zogale na bayan kowane gida, ga alayyafo da rama da yakuwa, ga wake da gyaɗa, ga nono a kan 'yan Fulani, ga mangwaro yana ruɓewa a ƙasa cikin bazara. Gwaiba guda mai kyau ta ishi mutum bitamin C na wuni, ta ma fi lemon zaƙi. Ɗan manomin da ya noma waɗannan shi ne zai zo jami'a ya rage kuɗin abincinsa ya sayi kwalba daga Landan ko Dubai. Wanda ke son rage nauyi da gaske, ya fara da sukarin shayinsa da lemon kwalba, ya rage malmalar tuwo ya ƙara ganye da wake, ya taka da ƙafa zuwa aji maimakon hawan babur. Ba za mu kuma yi wa gida kara ba: rake da mazarƙwaila sukari ne, ko da a gonar baba aka yi su. Rabin kilo zuwa kilo guda a mako shi ne saurin da likitoci suka yarda da shi, wanda ya yi maka alkawarin kilo goma a mako biyu ruwan jikinka ya ke nufi.

Ba mu manta ba cewa a ɗakin da wata ke shan shayin rama, a gado na gaba wata tana haɗiyar sha-ka-fashe don ta yi ƙiba, wanda shi ma yana da nasa bala'in. Maza ma ba a bar su a baya ba, da garin gina tsoka da ƙwayoyin rage tumbi. Duk jirgi ɗaya ya kwaso su, kuma sau da yawa mai sayarwar ɗaya ce. Mun kuma lura cewa masu tallar nan su kan nuna lambar NAFDAC kamar ita ce hujjar ƙarshe. A duba kwalin da kyau. A kan yawancin magungunan ganye akwai rubutu ƙanana da ke cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da mai maganin ya yi ba. Waɗanda babu lambar ko kaɗan kuwa, babu mai iya cewa ga abin da ke cikinsu. A ƙasashen waje an sha kama shayin rage ƙiba da aka cusa wa sibutramine a ɓoye, maganin da Amurka da Turai suka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai, musamman mai kula da jin daɗin ɗalibai, da su tashi tsaye. Masu wannan sana'a a cikinmu su ke, 'yan'uwanmu ne masu neman na sabulu, ba mu ce a wulaƙanta kowa ba. Amma a hana liƙa tallarsu a allunan sanarwa, a kuma hana yawo da kayan ɗaki-ɗaki. A nemi ɗaliban likitanci da na haɗa magunguna su riƙa kafa tebur a bakin ɗakunan kwana ko da sau ɗaya a wata, da sikeli da abin awon jini, duk mai kwalba ya kawo a karanta masa abin da ke ciki a tara masa lissafi. A zauna da masu sayar da abinci a harabar makaranta a kan yawan dunƙule. Ba abin da zai ci kuɗi a cikin waɗannan, ƙasa da abin da a ke kashewa a daren rantsar da sababbin shugabanni. Mun aika wa majalisar ƙungiya kwafin wannan sharhi, kuma za mu buga amsarta a fitowa ta gaba, in ta ba da amsa. In ba ta bayar ba, shi ma za mu faɗa.

'Yar'uwarmu ta dawo makaranta, ta fita daga zauren, ta kuma kai kwalabenta uku asibitin makaranta inda aka ce ta bar biyu nan take. Ankon kuwa, bayan an sallame ta ƙanwarta ta mayar wa telan, ya buɗe shi da inci biyu, aikin da bai ɗauke shi rabin sa'a ba.